Ranar da Na Kira Gobara Ɗan Jinkiri

Ku da kuka dame ni da saƙonni, "Nari, wai har yanzu ba ki kai shi gida ba?", to na kai shi, sai ku bar ni in sha ruwa. Wanda yau ya fara karanta ni kuma, sunana Ok Nari, ni ce ta fari ni ce auta a gidanmu. Duk wani buri da iyayena suka taɓa yi a kaina aka sauke shi, babu mai kama min.

Appa, wato mahaifina, yana da shagon farfesun kaza a bayan kasuwa a garin Suwon. Abu ɗaya yake dafawa tun kafin a haife ni: 'yar budurwar kaza, a cusa mata shinkafa da tafarnuwa da jinsen, wata saiwa mai ƙara ƙarfi, a kawo maka ita tana tafasa a tukunyar ƙasa. Ni kuma ina aiki a kamfanin manhajar nan da ake odar abinci ta waya, wanda Appa yake kira ɓarayin zaune saboda kason da suke yanka a kowane kwano. Dole ce ta sa yake hulɗa da su, amma kullum sai ya zage su kafin ya karya kumallo. Ya san a can nake. Da ya tambaye ni me nake yi musu, na ce aikin takardu. Ya ce to da sauƙi.

Ba ƙarya na yi masa ba, mudun ne dai ban cika ba. Idan wani abu ya lalace a manhajar, gobara muke ce masa a wurin aiki. Injiniyoyi su ke kashe wuta, ni ce mai shela. Su injiniyoyin ana ba su labari tsirara, yadda yake. Manyan kamfani ba su da lokaci, sai a ba su layi biyu ko uku: me ya faru, girmansa, yaushe za a gyara. Masu shaguna kuwa sai an yi wa labarin wanka an shafa masa mai, don kada hankali ya tashi. Shugabata, Madam Yeom, ta sha gaya min, "Riga ake canza wa labari, Nari, ba a canza labarin." Na iya aikin nan, ba yabon kai ba.

Na iya shi har ya biyo ni gida. Da na fara maganar saurayina Jinmo, Omma, wato mahaifiyata, na gaya mata yana da aiki mai kyau kuma ba ya shan taba. Gwaggo Malsun, yayar Appa da ke taya mu kicin, na ce mata dogo ne kuma yana cin abinci sosai. Appa kuwa kalma ɗaya na ba shi, injiniya. Ban ce masa a wurin ɓarayin zaune yake ba, bene ɗaya tsakaninmu.

Omma ta gaji da ni. Kullum sai ta turo min hoton ɗan wata ƙawarta, yau likitan haƙori, gobe mai gidajen haya, ta rubuta a ƙasa, "Na ce ko za ki duba ne kawai." Daga ƙarshe Appa ya yanke magana. Ya ce, "Ya zo ranar Chobok. In ya gan ni a ranar bai gudu ba, zan ba da amsa." Kun san Chobok, ranar da zafin bazara ke buɗe ido, kowa a ƙasar nan farfesun kaza yake nema. Cinikin ranar shi ke riƙe shagonmu wata da watanni. Kuma Appa ba ya maimaita magana, in ya ce a'a to an wuce wurin.

An ce ya zo da yamma bayan kasuwa ta lafa. Jinmo ya zo tun hantsi. Na sauko daga ɗakina na saman shago cikin doguwar riga ruwan sararin sama, wadda sai da Omma ta mayar da ni na canza wasu kafin ta yarda da ita, sai ga mutumina a bakin ƙofa. Baƙar kwat ya saka a wannan zafin, maɓallin wuya a ɗaure, hannu ɗaya kwandon 'ya'yan itace, ɗayan akwatin naman sa da aka naɗe da ƙyalle ruwan zinare. Zufa har tana ɗiga daga haɓarsa.

"Me ya kawo ka yanzu?" na ce ƙasa-ƙasa.

"Na ji tsoron cunkoso a hanya."

"Cunkoson wuni guda?"

Kafin ya amsa Appa ya fito, takalmin roba a ƙafa, tawul a wuya. Jinmo ya sunkuya gaisuwa har wani lemo ya faɗo daga kwandon ya gangara gaban Appa.

"Ina kwana, Baba. Sunana Pyo Jinmo."

"Waye babanka?" in ji Appa. Ya kalle shi sama da ƙasa. "Ka iya ɓare tafarnuwa?"

"Zan koya."

"Cire kwat ɗin nan kafin ka dahu a ciki. Waya ma bar ta a aljihu, ba a shigar min kicin da waya."

Gwaggo Malsun ta ɗaura masa rigar girki mai hoton kaza, tana zagaya shi kamar mai taya rago. "Dogon kam dogo ne. Amma Nari kin ce yana ci sosai. Ina yake kai abincin?"

Haka aka zaunar min da saurayi a kan 'yar kujera gaban tsibin tafarnuwa, kwat ɗinsa da wayarsa suna rataye can bakin ƙofa. Ni dai na ce a raina, in iyakar jarrabawar ke nan ai mun ci.

Akwai wata na'ura a kan kantar Appa da ke karɓar odar manhaja. Duk odar da ta shigo sai wata muryar mace ta yi ihu cikin fara'a, "Oda ta shigo!" A ranar Chobok matar nan ba ta numfashi. Amma rana tana ta yin sama, tebura sun cika, tukwane suna ta tafasa a kan kowane murhu, ita kuwa shiru. Appa ya buga ta da yatsa. Ya zare wayar wuta ya mayar. Ya ɗaga ta ya leƙa ƙarƙashinta.

A daidai nan wayata ta saki ƙarar da na fi tsana a duniya. Na manta ban gaya muku ba, ni ce mai tsaron gobara a ranar. Wata abokiyar aikina ce ta roƙe ni mu yi musaya, na ce to, me zai faru?

"Omma, cikina," na ce, na suri kwamfutata na faɗa sito na ja ƙofa. Na zauna a kan buhun shinkafa, albasa a dama, tulunan kimchi, tsimin kabejinmu mai yaji, a hagu.

Zauren hirar injiniyoyi ya riga ya kama da wuta. Injiniya Seol, babbansu, ya rubuta, "Masu saye suna biya, oda ba ta isa shago. Ba duka shaguna ba. Ba mu san dalili ba. Wa ya taɓa wani abu jiya?" Na tattara musu abin da aka sani a wuri ɗaya, babu gishiri babu magi. Na juya wajen manya na rubuta, "Oda tana maƙalewa a ƙalilan daga cikin shaguna, sauran lafiya lau. Ana bincike. Ƙarin bayani nan da rabin awa." Saura masu shaguna. Madam Yeom ta turo min, "Kada ki ce ta tsaya, ba mu tabbatar ba tukuna."

Na gyara zama a kan buhu na rubuta abin da har na yi alfahari da shi: "Abokan hulɗarmu masu daraja, wasu daga cikinku na iya fuskantar ɗan jinkiri wajen karɓar oda. Muna aiki tuƙuru, muna kuma godiya da haƙurinku." Na danna ya tafi.

Bangon siton na katako ne. Ina jin lokacin da wayar Appa ta yi ƙara a kan kanta.

"Yaya Malsun! Zo ki ji ɓarayin zaune sun yi magana!" Ya gyara murya. "'Na iya fuskantar ɗan jinkiri.' Na iya! Ɗan jinkiri! Kaji sun cika min kicin, injin ya mutu murus, shi yana ce min ɗan jinkiri. 'Muna godiya da haƙurinku.' Wa ya ce masa na yi haƙuri? Yaushe na yi? Da zan ga wanda ya rubuta wannan, da kansa zan fara cusa wa shinkafa."

Na shafa kaina ban san na yi ba.

Omma ta turo ƙofar sito ta leƙo. Ta kalli kwamfuta, ta kalle ni. "Cikin naki ke nan? Kamfaninku ne ko? Gaya min gaskiya."

"Ana kan gyarawa, Omma."

"Ki gaya musu shagon babanki ne, su fara da namu."

Gwaggo ma ta sako kai ta ƙarƙashin hannunta. "Ko dai zafi ne ya bugi injin nasu? Ki ce su sa masa fanka. Firjinmu haka ya yi bara."

"Zan gaya musu, Gwaggo."

Suna fita saƙon Injiniya Seol ya shigo, kuma da na san abin da ke ciki da ban yi saurin buɗewa ba. "Mun gano. Duk shagunan da abin ya shafa na farfesun kaza ne. Jiya an saka sabon shinge don tare odar bogi. In ya ga abinci iri ɗaya yana ta shiga shago ɗaya babu ƙaƙƙautawa, sai ya ɗauka 'yan damfara ne ya riƙe."

Wani ya rubuta, "A ranar Chobok?"

Wani ya ce, "Wa ya saka?"

"Jinmo. Yana hutu yau, ba ya ɗaukar waya. Za mu iya warwarewa da kanmu amma sai yamma, don muna tsoron mu ja zare ɗaya biyan kuɗi gaba ɗaya ya biyo shi. Wa ya san inda yake?"

Ni na san inda yake. Yana bayan bangon nan da rigar kaza a ƙirji, ina ma jin Gwaggo tana ce masa yana zubar da rabin tafarnuwar tare da ɓawon.

Masu karatu, ba zan yi muku kwalliya ba, sai da na so in ɓoye shi. Na ce a raina, in na yi gum, su gyara da yamma, Appa ba zai taɓa haɗa Jinmo da wannan masifa ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, don ina son yaron nan fiye da yadda nake nuna muku. Madam Yeom, wadda ita kaɗai ta san tsakaninmu a ofis, ta turo min ni kaɗai, "Nari. Ke ma ba ki san inda yake ba?" Na kife wayar.

Sai na ji muryar Appa ta bango, wannan karon ba ihu. Omma yake wa magana a hankali. "Kajin nan ba za su kwana ba, Maman Nari. Kira mai kaji ki ce kada ya kawo na yamma." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka a ranar Chobok ba. Na miƙe.

"Appa, ara min shi ya ɗaga min buhun shinkafa a sito."

Appa ya yi min alama da ludayi, ko kallona bai yi ba. Gwaggo ce ta ɗaga murya, "Sito? Ku bar min ƙofar nan a buɗe, ba a ba shi ba tukuna!"

Na ja shi ciki na tura ƙofar rabi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Akwai wani ɗan al'amari da ke iya shafar wani ɓangare na..."

"Nari," ya ce, "kada ki yi min muryar masu shago. Me ya mutu?"

Na juya masa kwamfutar. Ya karanta, ya dafe kai.

"Farfesun kaza," ya ce. "Na gwada shingen nan da komai. Da ranar wasan ƙwallo na gwada shi, da ranar ruwan sama. Na manta da yau."

"Kai da ka yi wata guda kana gwada yadda za ka gaida mai farfesun kaza a ranar Chobok?"

"Shi ya sa na so in gama aikin jiya, don in samu hutun yau."

Ban san ko in yi dariya ko in rufe shi da duka ba. Ya durƙusa ya ɗora kwamfutar a kan murfin tulun kimchi ya hau aiki. Har yau madannan kwamfutata warin tafarnuwa suke yi. Ni kuma na koma wayata, na gaya wa injiniyoyi Jinmo ya shigo, na gaya wa manya an gano dalili kuma mai gyara yana kai. Injiniya Seol ya tambaya a ina aka samo shi, na ce a kusa.

"Ka ji," na ce masa, "Appa ba sai ya sani ba. Ka san al'adarmu, ba a sa sunan mutum a rahoto. Ba a tambayar wa ya yi, sai dai me ya bari aka yi. Ka ji ko?"

Yatsunsa kawai ke gudu a kan kwamfutar.

Gwaggo ta buga bango. "Shinkafar noma ta kuke yi?"

Can Jinmo ya ɗago. "Zan buɗe. Amma duk odar da aka riƙe tun safe lokaci ɗaya za ta zubo. Ki gaya wa masu shago su shirya."

To, ga inda na yi ta'asar. Hannuna ya saba, "lokaci ɗaya" kalma ce mai tayar da hankali, mu ba ma rubuta wa masu shago irinta. Kafin in yi tunani na riga na tura, "Mun shawo kan matsalar. Sannu a hankali al'amura za su koma daidai." Wannan kam ba riga na canza ba.

Appa ya karanta ya ce, "Sannu a hankali. To madalla." Ya kashe rabin murhu don kada kaji su narke, ya ce wa 'yan babur biyu da ke jira a ƙofa su je su dawo, ya ja kujera ya zauna a karon farko tun asuba ya ɗauki cokali.

"Oda ta shigo!"

Muka fito daga sito, Jinmo da buhu a kafaɗa don a ga shaida.

"Oda ta shigo! Oda ta shigo! Oda ta, oda ta, oda ta shigo!"

Matar nan ta haukace. Takardar oda tana ta fitowa daga na'urar har ta sauka ƙasa ta naɗe a ƙafar Omma. Appa ya yar da cokali ya ruga yana kunna murhu, yana zagin sannu a hankali da duk danginsa. Wayar shago ta hau ƙara, masu saye suna tambayar ina kazarsu tun ɗazu. Kan ka ce kwabo lungunmu ya cika da 'yan babur da hulunan kwano, kowa yana kiran lambarsa. Gwaggo tana zuba romo tana kiran sunan kakanninmu, Omma tana ɗaure leda da haƙori.

Jinmo kuwa ya zama jakin gida. Shi ne ɗauko kaji, shi ne jera kwanuka, shi ne fita ba 'yan babur haƙuri yana sunkuyawa kowa. Ya kama wata tukunya da hannu tsirara, na ji ya ja numfashi, amma bai sake ta ba sai da ya kai ta tebur. Rigata ruwan sararin sama ta koma ruwan romo. Ina rufe kwano da hannu ɗaya, ina rubuta wa manya da ɗayan cewa komai ya dawo daidai, ana sa ido.

Sai da rana ta karkata sosai matar ta yi shiru. Mun sayar da yawa, amma wasu sun gaji sun soke tun kafin mu kai gare su, kuma kaji sun rage a babbar tukunya, abin da ba ya faruwa a shagonmu ranar Chobok. Appa ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, sannan ya juya allon ƙofa ya ce a zauna.

Muka zauna a ƙasa gaban ƙaramin tebur. Appa ya ɗauko kwalbar giyar jinsen da yake ɓoyewa sai babban baƙo. Jinmo ya karɓi kofin da hannu biyu, ya juya kai gefe ya sha. Omma ta taɓa ni da gwiwa, alamar abu yana kyau.

"Hannun fa?" in ji Appa.

"Ba komai, Baba."

"Nari ta ce kai injiniya ne. A ina?"

Na yi caraf. "A Pangyo ne, Appa, wani kamfani ne na harkar..."

"A kamfaninsu Nari nake," in ji Jinmo. Ya ajiye kofi ya gyara durƙuso, hannuwansa a kan gwiwa. "Kuma abin da ya faru yau ni na jawo shi. Mai gadi na saka a ƙofa, na ce masa in ya ga mutane da yawa suna neman abu ɗaya a shago ɗaya to ɓarayi ne, ya tare su. Na manta yau kowa kaza yake nema. Shi ne ya tare muku masu saye tun safe. Ku gafarce ni."

Na mintsine shi a cinya har yatsuna suka yi zafi, ko motsi bai yi ba. Gwaggo ce ta fara dariya, ta toshe baki da tawul kafaɗunta suna rawa.

"Wato," in ji Appa, "ka tare min ƙofa, sannan ka zo ka zauna kana ɓare min tafarnuwa."

"Haka ne."

"Kai wawa ne."

"Haka ne, Baba."

Appa ya daɗe yana kallon hannun nan da ya tashi ya yi ja. "Maman Nari ta ba ka man ƙuna in an tashi," ya ce. Na ce a raina shi ke nan mun haye. Ashe sauran kallo yana gaba, don Appa wayarsa ya jawo ya ajiye a tsakiyar tebur.

"Wanda ya yi ɓarna ya zo ya durƙusa, na san yadda zan yi da shi. Amma akwai wani da ya zauna cikin sanyin ofis ya ce min ɗan jinkiri. Ya dawo ya ce min sannu a hankali, na kashe wuta na sallami 'yan babur. Rabin kajin can da suka rage nasa ne, ba naka ba. Ka san shi?"

Kunnuwan Jinmo suka yi ja. Yaron nan ko a wasan kati ba ya iya ƙarya.

"A wurin aikinmu ba a ambatar suna, Baba."

"Ka ambaci naka."

"Wannan nawa ne."

"To ka san shi ke nan." Appa ya matso. "Faɗa min sunansa, yanzun nan in ba ka amsar da ka zo nema."

"Baban Nari," in ji Omma, "ina ruwan wannan da wancan?"

"Ina so in ga ko yana rufa wa ɓarayi asiri."

Jinmo ya kalli tebur. Ko sau ɗaya bai juyo wajena ba, kuma na san da gangan ne. "Ba zan iya ba, Baba," ya ce. "Ku yi haƙuri."

Na ga Appa ya fara ja da baya, na ga a'a tana haɗuwa a bakinsa. Na san fuskar nan tun ina yarinya.

"Ni ce, Appa."

"Ke ce me?"

"Ni na rubuta. Duka biyun. Aikin takardun da na ce maka ke nan."

Gwaggo ta sauke tawul ɗin daga baki. Appa bai yi ihu ba, kuma da ihun ya yi da ya fi min sauƙi.

"A ina kika rubuta?"

"A sito."

"A kan buhun shinkafata."

"E."

"Kina jin muryata?"

"Ina ji." Na fara ƙoƙarin bayani. "Appa, haka aikin yake. Injiniyoyi da irin bayanin da ake musu, manya da nasu, masu shago da nasu, don kada..."

"Ni ina cewa mutumin bai taɓa ganin tukunya ba," in ji shi. "Shi ya sa ma na ɗan yi masa uzuri a raina. Ashe wadda ta koyi tafiya tana dafa kantar can ce."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na yi kuka a gaban saurayina da rigar romo, majina da komai, Gwaggo ta miƙo min tawul ɗin da ta gama dariya a ciki.

Omma ta bari na ɗan lafa sannan ta ce, "To Baban Nari, maganar yaran fa?"

Appa ya sake cika kofin Jinmo da kansa. "Yaron na karɓa. Ya zo duk ranar da ya ga dama, tafarnuwa ba ta ƙarewa. Amma in ba shi Nari?" Ya girgiza kai. "Sai na yi tunani. Yaron nan baki ɗaya gare shi, ita kuwa yanzu ta gama lissafa min uku. Tausayinsa nake ji."

"Appa!"

Ya miƙe yana gyara tawul a wuya. "Ke kuma tunda rubutu ne sana'arki, hau sama ki rubuta min abin da ya faru yau. Ba na manya ba, ba na abokan hulɗa masu daraja ba. Wanda za ki ba babanki. In na karanta na ga 'yata ce ta rubuta, zan ba da amsa."

Jinmo ya tafi da hannu a naɗe, Omma ta cika masa leda da kajin da suka rage. Ya turo min saƙo daga tasha, "Kin fara?" Na ce masa ana kan aiki. Ya ce, "Nari." Na ce ban fara ba.

Ga shi ku na zauna na zubo muku duk wannan ban ko tsaya shan ruwa ba. Nasa kuwa na rubuta "Appa" na sa waƙafi, na tsaya. Ina jin sa a ƙasa yana wanke tukwanen da Gwaggo ta riga ta wanke, yana jira.